Man Shanu a Tukunyar Nama

Ranar da aka aike ni roƙon Hamma Salihu, tun kafin in buɗe baki na riga na ɓata aikin. Babur ɗina ne ya jawo. Tsoho ne, duk inda na jingine shi sai ya ɗigar da baƙin mai, kamar akuyar da ba ta san gidan surukai ba. Na tura shi cikin zauren Hamma a Ƙofar Dumi, na tarar an share wurin tas an shimfiɗa tabarma. Sai tausayin yayata, matar gidan, ya kama ni, don na san ita za ta goge. Na waiga na hango wata tsohuwar tukunyar silba a kan taga, ba murfi, da ɗigon jan fenti a hannunta. Na ce wannan ai ta gama aiki. Na ɗauko na tara ta a ƙarƙashin injin, na zauna ina jin na yi abin kirki.

Hamma ya fito da carbi a hannu. Bai dube ni ba, tukunyar ya duba. Mai yana sauka a cikinta, ɗis, ɗis.

"Mansir, wa ya aiko ka?"

"Adda Habibatu."

"Cewa ta yi ka zo ka kashe ni, ko ka fara da tukunyar tukuna?"

Adda Habibatu yayata ce, ita ce matar Hamma, don haka akwai wasa tsakanina da shi tun ina yawo da gajeren wando. Amma ran nan ban ga wasa a fuskarsa ba. Ya sunkuya ya janye tukunyar, ya ajiye ta a gabansa kamar an kawo masa gawa. Mai kuwa ya ci gaba da zuba a kan simintin da na yi niyyar karewa.

Abin da ya kawo ni shi ne maganar autarsu Juwairiyya. Yarinyar ta daɗe tana zaman jiran jami'a, ƙawayenta duk sun yi gaba. A ƙarshe ta samu gurbi a Jos. Karatun lauya ta nema, aka ba ta falsafa. Ta bincika, ta ce ita ma tana so. Rajista na dab da rufewa, idan ta wuce ta sai a koma layi. Hamma ya ce ba za ta je ba. Bai ce don nisa ba, bai ce don mace ce ba, yayarta ma ai makarantar jinya ta yi. Cewa ya yi shi kaɗai ne a Ƙofar Dumi ya taɓa ganin falsafa da idonsa, kuma ba zai miƙa mata 'yarsa ba.

Ni aka zaɓa in lallashe shi saboda ina koyarwa a firamare, a dangi ni ne ɗan boko. Tsakani da Allah, abin da na sani game da falsafa bai wuce abin da babur ɗina ya sani game da birki ba.

Wanda bai san Hamma ba zai yi mamakin inda ya gamu da ita. A ruga aka haife shi, can wajen Zungur. Wata cuta ta shiga garken mahaifinsa yana saurayi, shanun suka ƙare saura kaɗan, ya shigo gari da sanda a kafaɗa. A barikin Shadawanka ya samu wanke-wanke a wurin cin abincin hafsoshi. Daga wanke kwano ya koma yankan albasa, daga albasa ya hau kan murhu, har ya zama kukun da manya ke rigima a kansa. A can ya tsinci Turancin bariki, irin wanda ba a rubutawa amma yana kai saƙo. Yanzu yana da ɗan shagon abinci kusa da ƙofar barikin, farfesunsa na kan rago ya sa sojoji da yawa makara wajen aiki. Duk mai cin abinci a wurinsa ya san wani hali nasa: ludayin miya daban, ludayin da ke taɓa nono ko madara daban, kuma idan ka haɗa su a kwano ɗaya sai ya yi maka kallon da zai sa ka ƙoshi. Mutane suna cewa tsabta ce. Ba tsabta ba ce. Sauran aikin Yahudawa ne.

Shekarun baya wani kamfanin gina hanya ya kafa sansani a hanyar Zungur, aka ɗauki Hamma kuku ga wasu injiniyoyi biyu Yahudawa, wa da ƙani, uwa ɗaya uba ɗaya. Babban, Gershon, mai awon hanya ne, kullum da 'yar mitsitsiyar hula a tsakar ka. Ƙaramin, Amnon, gada yake ginawa, kuma kafin ya koma aikin siminti falsafa ya karanta. Na sha jin gutsattsarin labarinsu a bakin Adda, amma sai ran nan, albarkacin baƙin maina, na ji shi daga tushe.

"Ka ga jan fentin nan?" in ji Hamma. "Alamar tukunyar nama ce. Ta madara shuɗi ake sa mata. A addininsu nama da madara ba sa haɗuwa. Ba a tukunya ba, ba a cokali ba, ba a ciki ba. Soson wanki ma biyu ne. Naman nasu daga Legas yake zuwa cikin ƙanƙara, da hatimi. Wuta kuwa Gershon ne ke kunna min da hannunsa, sannan in ɗora girki. Daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa ta Asabar ba wuta, ba mota, ba biro."

Na ce, "Wannan ai ko malamin Islamiyyarmu sai ya sara masa."

"Gershon bai taɓa wahalar da ni ba. Mutum ne mai doka, ka san gabansa ka san bayansa. Ƙanin ne ya sa min ciwon kai."

Ya ce Amnon mutum ne mai son zama a kicin. Sai ya jawo kujera ya zauna yana ɓare gyaɗa, yana yi wa kuku bayanin abin da ba a tambaye shi ba. Shi ya gaya masa cewa a da can duk mutanensu sun yarda Allah ne ya ba Annabi Musa dokokin nan, har da na tukunya. Sai wasu masu zurfin tunani suka taso a Turai suka ce duk abin da hankali bai auna ba kada a karɓa. Maganar ta shiga kan malaman Yahudawa, suka rarrabu. Wasu suka ce asalin addini kyawun hali ne, dokar abinci rigar wani zamani ce, ana iya tuɓe ta. Wasu suka ce ko zare ba a cirewa. Wasu suka tsaya a tsakiya suna rage hannun rigar.

"Shi Amnon ɗin yana wane ɓangare?"

"Ya danganta da ranar da ka tambaye shi. Wata rana ya ce min Allah ba sarki ba ne da ke zaune yana ba da umarni, wai shi ne tsarin duniyar nan gaba ɗaya, ruwa da dutse da rodin gada. Na yi a'uzu na juya masa baya. Bayan damina ya ce ya sake tunani, wai Allah ana gamuwa da shi ne sa'ad da mutum ya dubi ɗan'uwansa ya saurare shi da gaske. Na ce to, wannan da ɗan dama-dama. Wata rana kuma ya ce tun kisan da aka yi wa kakanninsu a Turai, shi bai san ko akwai mai sauraro ba ma. Ran nan ban yi a'uzu da ƙarfi ba, don idonsa ya yi ja."

"Ashe dai kafiri ne sau biyu."

Hamma ya harare ni. "Kai da bakinka kamar rediyon mai shayi. Wannan mutumin shi ne mai leƙo kicin ya ce, 'Salihu, an kira la'asar, bar albasar nan.' Da azumi shi ke hana ni tsayawa kan wuta da rana. Ranar Asabar kuwa ya fi wansa zama wuri ɗaya. Ba ya addu'a, amma ba ya taɓa makunnin fitila. Na ce masa, Oga, idan mutane ne suka ƙirƙiri dokar, me ya sa kake bi? Ya ce, 'Saboda mutanena ne.' Ka gane?"

Ban gane ba, amma na gyaɗa kai, tunda ni ne ɗan boko.

Wa da ƙanin kullum cikin musu suke a kan tebur, da yarensu. Idan abin ya yi zafi sai su koma Turanci su kira Hamma alƙali, shi da ya zo kwashe kwanuka. Gershon ya ce ƙaninsa tukunyar uwarsu yake bauta wa, ya manta da Ubangijin uwar. Amnon ya ce wansa yana bin doka kamar direban da bai taɓa tambayar inda za a kai kayan ba. Hamma ya ce shi dai a ba shi hanya, miya na ƙonewa.

Sai wata rana Gershon ya yi tafiya Abuja. A satin nan kuwa Amnon ya gama yi wa Hamma dogon bayani cewa dokar nama da madara tarihi ce kawai, babu wata tsawa da za ta faɗo don an karya ta. A satin kuma innar Hamma ta aiko masa da man shanu daga ruga, sabon kaɗi, ƙamshinsa tun daga bakin ƙofa.

"Mansir, kai ka faɗa min. Mutum ya shekara arba'in da wani abu a duniya bai taɓa cin miyar kuka da nama da man shanu ba. Wannan rayuwa ce? Tausayinsa na ji. Na ce mai dokar ba ya nan, wannan kuwa da bakinsa ya ce ba komai. Amnon ɗin ne ma ya kunna min wutar kafin ya fita aiki. Na tuƙa tuwon shinkafa, na yi miya a wannan tukunyar, na soya man da albasa na kwarara. Har yau ban yarda na yi laifi ba. Bafulatani ya zuba maka man shanu, girmama ka ya yi."

"Ya ci?"

"Ya ɗebo cokali ɗaya, ya kai kusa da baki, ya tsaya. Ya ce, 'Salihu, mene ne wannan ƙamshin?' Na faɗa masa ina murmushi, ina jiran yabo. Ya ajiye cokalin a hankali. Bai yi min tsawa ba, da ma ya yi. Ya tashi ya fita baranda ya zauna yana kallon motocin kwalta. Ran nan bai ci komai ba, ko shayi. Na bi shi na ce, Oga, ba kai ka ce ba komai ba? Ya ce, 'Ni na faɗa.' Na ce to? Ya ce, 'To ka fitar min da tukunyar daga gidan nan.'"

Hamma ya kwana yana tsammanin idan wannan da bai yarda da dokar ba ya yi haka, to mai hula idan ya dawo sai dai a haɗa kaya. Ya ma fara naɗe tabarmarsa.

Gershon ya dawo, aka faɗa masa. Ya ja kujera ya zauna, ya shiga tambaya kamar malamin da aka kawo wa matsalar gado. Tukunyar ta ƙarfe ce ko ta ƙasa? Miyar tana kan wuta aka zuba ko ta huce? Da wane ludayi aka juya? Da ya gama ji sai ya ce a zubar da abincin, a wanke tukunyar, a bar ta ta kwana ba a taɓa ba, sannan a tsoma ta cikin tafasasshen ruwa ita da ludayin. Shi ke nan ta koma yadda take. Ya dafa kafaɗar Hamma ya ce, "Wanda ya ba da dokar ya san za a yi kuskure, shi ya sa ya ba da hanyar gyara."

Hamma ya ce, "Na ce a raina, wannan ai kamar babin tsarki ne a wurinmu. Na ji sanyi. Aka yi duk yadda ya ce, da hannunsa ya tsoma ta. Aka dafa nama a ciki, Gershon ya ci har da ƙari. Amnon ya tura kwanonsa gefe."

"Ah-ah! Shi da ya ce tarihi ne?"

"Shi fa. Wansa ya ce masa, doka ta ce ta tsarkaka. Ya ce shi bai yarda ruwan zafi yana goge komai ba. Wansa ya ce, to idan ruwan ba ya gogewa, ai man ma bai ɓata komai ba, tunda doka ɗaya ce ta faɗi duka biyun. Amnon ya ce ya sani. Ya ce uwarsu ba ta taɓa barin haka ta faru a kicin ɗinta ba, kuma ita ta rasu, wa zai je ya gaya wa? Suka yi ta yi. A ƙarshe don a zauna lafiya aka ba ni tukunyar."

Na dubi tukunyar da baƙin maina kwance a gindinta. "Tun lokacin ba ka girka komai a ciki ba?"

"Ko ruwan shayi."

"Hamma, kai fa Musulmi ne. A wurinmu nama da man shanu halal ne har a lashe kwano. Ina ruwanka da hukuncinsu?"

"Ka zaci ban sani ba? Na tambayi malami, ya yi min dariya. Amma duk ranar da na ɗauko ta sai in rasa. In sa nama, sai in tuna Amnon a baranda. In ce to ba ta da amfani a jefar, sai in tuna Gershon yana cin ƙari. Mai imani ya ci, marar imani ya ƙi. To wanne ne mai addinin a cikinsu? Shekara da shekaru ke nan, hanyar da suka gina har ta fashe an sake ta, ni ban gama da tukunya ba."

Nan na ga ƙofa, na ce bari in shiga da aikin da aka aiko ni. Na ce ai Juwairiyya ba Bayahudiya ba ce, ta sauke Alƙur'ani, ba ta wasa da salla, wane littafi ne zai raba ta da ita?

Ya ce, "Har yanzu ba ka ji ni ba. Amnon ma bai bar Asabar ɗinsa ba. Ba na tsoron ta bar salla. Tsorona ta riƙa yin ta irin yadda yake yin Asabar. Mutum ya yi kuskure ya rasa wanda zai roƙa gafara. Ni na ga wannan a fuskar mutum, Mansir. Yunwa ta fi shi sauƙi."

Na fara tunanin ko in koma in ce wa Adda mijinta ne da gaskiya. Daga nan na tuna yarinyar da zaman da ta sha, na sake komawa ɗaya gefen. Cikin ɗan lokaci na sauya ra'ayi fiye da Amnon.

Ashe Juwairiyya tana bayan ƙofa da tiren shayi, shayin har ya huce. Ta yi sallama ta shigo ta durƙusa.

"Baffa, in yi magana?"

"Kawunki ya yi ta yi tun ɗazu ba a samu komai ba. Gwada."

"Duk maganganun nan da mutumin ya riƙa faɗa maka a kicin, sun hana ka salla ko sau ɗaya?"

"Allah ya kiyaye."

"Tun ina ƙarama nake ganinka kana tsayawa gaban tagar nan kana magana kai kaɗai. Da na zaci lissafin cefane kake yi. Baffa, abin nan da kake yi shi ne karatun da aka ba ni. Kai ka yi shi ba malami, shi ya sa ya hana ka sakat."

"Amnon ya samu malamai. Manya ma."

"Ya samu. Amma da ya ruɗe ba shi da inda zai kai ruɗewar. Uwarsa ta rasu, wansa kuma musu suke. Ni Jos ce, duk hutu ina zauren nan."

Hamma ya juya tukunyar, man ya gangara gefe ɗaya, ya sake juya ta. Ni dai na ga alamar bai gamsu ba, kuma abin da ya fi ba shi haushi shi ne yarinyar ta yi magana irin ta Amnon amma ta kai shi inda Gershon yake kai shi.

Can ya ce, "Ki je ki yi rajistar. Amma da sharaɗi. Duk hutu za ki zauna nan ki faɗa min abin da aka koya muku, ba ragi, ko da mai sa a'uzu ne. Kuma ki tambayar min malamanku, tsakanin wanda ya ci da wanda ya ƙi, wanne ne mai addini. Ranar da na ga kin ajiye cokali kin fita waje kin rasa wanda za ki gaya wa, ranar karatun ya ƙare. Kin ji?"

"Na ji, Baffa. Allah ya ƙara girma."

Ta tashi da gudu, ta manta da tiren. Daga cikin gida muka jiyo guɗar Adda, wadda ita ma ashe ba ta yi nisa da ƙofar ba.

Na gyara hula, na ce, "Ka gani ko? Da ban ɗauko tukunyar nan ba da yanzu ana nan ana kuka. Wani aikin sai ɗan boko. Ita kuma kada ka damu, kawo in kai wa Adda ta tafasa ruwa mu tsoma ta, ai ka ce haka ake yi."

Hamma ya janye tukunyar daga kusa da hannuna, ya dubi tabon man da ya malale masa a siminti, sannan ya dube ni daga hula har takalmi.

"Tukunya tana da magani, Gershon ya nuna min. Kai ne duk cikin addinai biyu ban ji wanda ya faɗi da abin da za a wanke ka ba. Ɗauke min akuyarka daga zaure."